Rigar ɗumi ta lantarki ba ta jan mutum

A Maradi, da an ambaci rigar ɗumi mai aiki da lantarki, sai 'yan kabu-kabu su ce wuta za ta ja mutum. Ba haka ba ne. Wutar gida volt 220 ce, rigar kuwa volt 12 take sha daga batirin moto, wasu ma volt 5 daga batirin cajin waya.

Abin dubawa shi ne ƙarfin motonka. Mai dogon hannu tana iya cin wat 70, ga fitila a kunne da asubahin hunturu a hanyar Tibiri, sai batirin ƙaramin moto ya gaza. Gara mara hannu wadda ta kama jiki, ka ɗora rigar tare iska a kai. Idan rigar ɗumin ta yi faɗi, wayoyinta ba za su kai ɗumi jikinka ba.