Jarumin da ba ya mutuwa, wa zai yi masa kuka?

Duk mai son jin hukuncin da 'yan kallo a Kaduna suka yanke wa wani fim, ya je rumfar masu tura finafinai a waya, a Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa, bayan sallar isha'i, ya tsaya kamar mai jiran a gama masa caji. A nan ake zaman kotun. Yaro zai miƙa mimori ya ce a zuba masa mai zafi, mai shago ya lissafo abin da ya shigo, na kan benci kuma su tsoma baki ba tare da an tambaye su ba. A 'yan shekarun nan na lura da wani abu a irin wannan zama. Da an ambaci sabon fim na Marvel ko na DC, wato finafinan jaruman nan masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya, sai ka ga an taɓe baki. Wani ya ce duk kanwar ja ce. Wani ya ce ai kwamfuta ce ke faɗa da kwamfuta. Mai mimorin kuma ya ce to a bar shi, a sa masa Indiya-Hausa.

A 2019 ba haka abin yake ba. Lokacin da Avengers: Endgame ya fito, har rigima ake yi da wanda ya riga kallo idan ya kuskura ya fara ba da labari. Shi ne fim na 22 a jerin da kamfanin Marvel ya faro da Iron Man a 2008, kuma ya tara kusan dala biliyan 2.8 a duniya. Shekara 11 ana ɗora tubali kan tubali, sannan aka rufe ginin da mutuwar Tony Stark, wato Iron Man ɗin kansa. Na san ƙattin da suka share hawaye a ɓoye ranar.

Daga nan kasuwa ta fara ja da baya. The Marvels na 2023 ya tsaya a wajen dala miliyan 206, mafi ƙanƙanta a tarihin jerin, ko kuɗin shirya shi bai mayar ba. The Flash na DC ya sha irin wannan kaye a shekarar. Joker na 2019 ya haura dala biliyan 1, amma ci gabansa na 2024 da ƙyar ya wuce miliyan 200. A 2025 Marvel ya saki finafinai uku, babu wanda ya kai miliyan 600, sabon Superman na DC ne ma ya ɗan haura hakan. Masu sharhi a Amurka sun yi wa ciwon suna, suka ce mutane sun gaji da jarumai masu ƙarfin da ya wuce hankali.

Watakila haka ne a can. A nan kam ban yarda ba.

Bahaushe bai taɓa gajiya da labarin ƙarfin da ya wuce hankali ba. Mun tashi da labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu. Mun ga ɗan tauri yana goga wuƙa a cikinsa tana lanƙwashewa, mun ji labarin layar zana da sagau da kau-da-bara tun kafin mu san akwai wani abu wai shi Hollywood. Kirarin ɗan dambe kaɗai ya ishe ka, mutum ya tsaya tsakiyar fili ya ce shi guguwa ne, kuma babu mai ce masa ya kawo shaida. Iyayenmu da suka cika gidajen sinima a da su ne suka laƙaba wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Kuma yaron nan da ya ƙi karɓar fim ɗin Marvel wai ƙarya ta yi yawa, shi ne zai koma gida ya kalli jarumin kudancin Indiya ya naushi mutum, mutumin ya yi sama ya faɗo kan mota gilasai su tarwatse, ya yi ta buga cinya yana jinjina. Ashe ba a wajen ƙaryar gizo ke saƙar ba.

Abin da nake gani ya kashe wa mutane gwiwa shi ne mutuwa ta daina zama mutuwa a waɗannan finafinai. Superman ya mutu a 2016, aka tashe shi a 2017. Loki da Gamora sun mutu a 2018, ba a daɗe ba kowannensu ya dawo ta wata ƙofa. Wolverine ya mutu a Logan na 2017, mutuwa mai ratsa zuciya, aka binne shi aka kafa masa alama, sai ga Hugh Jackman, mai fitowa a matsayinsa, ya sake saka faratan a 2024. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce wai akwai duniyoyi ba adadi, kowace da nata Spider-Man, kowace da nata Doctor Strange. In na nan ya mutu sai a aro na maƙwabta. A Spider-Man: No Way Home na 2021 har guda uku aka haɗa a fim ɗaya, mutane suka ji daɗi, aka tara wajen dala biliyan 1.9. To amma daɗin nan bashi ne aka ci. Tun daga ranar duk wanda aka kashe a gabanka ka san akwai wani irinsa a ajiye, kamar tayar safiya a bayan mota.

Za a ce ai mu ne muke cewa jarumi ba ya mutuwa, sai dai bos. Gaskiya ne, tun muna leƙen talabijin ta tagar maƙwabta muke faɗin haka. Amma a tuna da kyau. A finafinan da muka tashi da su jarumi ba ya mutuwa, na kusa da shi ne ke mutuwa, kuma ba sa dawowa. A finafinan 'yan Sin ana kashe malamin da ya koya masa faɗa. A na Indiya ana kashe uba a gaban yaro, ko uwa ta mutu cikin talauci. Dukkan naushin da za a yi a sauran awa biyun a kan wannan kabari yake tsaye. Har yau abin da finafinan kudancin Indiya suka riƙe ke nan, shi ya sa suka mamaye wayoyinmu. A KGF, duk ɓarnar da Rocky ya yi ta samo asali ne daga alkawarin da ya ɗaukar wa mahaifiyarsa tana gargarar mutuwa. A RRR na 2022, an ɗauke wata yarinya daga ƙauyensu, wani ya yi rantsuwa sai ya dawo da ita. Baahubali kuwa ya fi kowanne iya wannan. Kashi na farko a 2015 ya ƙare da Kattappa, amintaccen bawa, yana soke ubangidansa Amarendra Baahubali ta baya. Shekara biyu mutane suna tambayar me ya sa ya yi haka, har aka samu amsa a 2017. Da amsar ta zo, Amarendra Baahubali bai tashi ba. Ɗansa ne ya ɗauki fansa.

Sannan ga fassara. Lokacin da kamfanoni irin su Algaita suka sa wa jarumin Indiya bakin Hausa, da karin magana da baƙar magana irin ta bakin tasha, sun mayar da shi ɗan unguwa. Uwa tana kuka da Hausa, ɗa yana rantsuwa da Hausa. Barkwancin jaruman Marvel kuwa rabinsa shaguɓe ne kan waƙoƙi da shirye-shiryen talabijin na Amurka, ko an fassara shi ba ya tashi.

Akwai hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan abin da nake faɗa, ita ce Deadpool & Wolverine. Jarumin fim ɗin ba ya mutuwa ko an daddatsa shi, labarin kuma cike yake da duniyoyin nan na aro, amma ya tara sama da dala biliyan 1.3 a 2024, kuma a rumfunan da nake magana an yabe shi. Amsata ita ce Deadpool Gizo ne. A tatsuniya Gizo ba ya mutuwa, a jefa shi rijiya ya fito, giwa ta taka shi ya miƙe, kuma ba mu taɓa ƙosawa da shi ba, domin babu wanda ya taɓa neman mu yi masa kuka. Dariya muka zo yi. Rabin fim ɗin ma Marvel ne yake yi wa kansa shaƙiyanci kan yadda ya ɓata rawarsa da tsalle. Matsalar tana wajen finafinan da ke son ka yi juyayi irin na gidan makoki alhali kana hango mamacin yana shirin shigowa ta ƙofar baya.

Wani abin da ke ƙona ran mai kallo a nan shi ne wahalar bin labarin. Finafinan Marvel sun haura 35, ban da shirye-shirye masu dogon zango. Wanda bai kalli WandaVision ba, ba zai gane abin da ya haukata jarumar nan mai suna Wanda a fim ɗin Doctor Strange na 2022 ba. Shirin kuma a manhajar Disney+ yake, wadda ba a buɗe ta a hukumance a Nijeriya ba lokacin da waɗannan finafinai suka fito. Ka ce wa ɗan makarantar da ke lissafin data da cajin waya, wanda wuta ke zo masa awa uku a yini, sai ya haddace shiri shida kafin ya gane fim ɗaya? Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya amsa cewa yawan ya rage inganci, kuma a 2024 ya ce za a rage zuwa fim biyu ko uku a shekara.

Na daɗe ina tunanin Black Panther, domin shi ne ya fi kusa da mu ta fuska biyu masu karo da juna. Fim ɗin 2018 ya kai jaruminsa dajin Sambisa tun a farko-farko, ya diro daga jirgi cikin dare, cikin 'yan mintuna ya gama da 'yan bindiga aka saki matan da aka sace. A Legas ko Landan wannan wuri ne na tafi. Mutumin Kaduna da ya ga abin da ya faru da ɗaliban Afaka a 2021, da fasinjojin jirgin ƙasan Abuja a watan Maris na 2022, da yaran Kuriga a 2024, yana kallon wurin da wani ido daban. Ya san watanni nawa iyaye ke yi suna sayar da gona da gida. Ya san babu mai dirowa daga sama. Ban ce masu fim sun yi laifi ba, almara suke yi. Amma wanda ya san nauyin rashi da gaske, da wuya a yaudare shi da rashin wasa.

Ta ɗaya fuskar kuma, Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, jarumin Black Panther, ya rasu a watan Agustan 2020 bayan fama da sankarar hanji. Kamfanin bai ba wani matsayinsa ba. Ci gaban fim ɗin, Wakanda Forever na 2022, ya buɗe da jana'izar T'Challa, uwa da ƙanwa cikin fararen kaya, kuma kowa a ɗakin kallo ya san wannan karon babu wata duniyar da za a je a aro shi. Fim ɗin yana da rauninsa, ya yi tsawo, an cusa masa mutanen da ba ya buƙata. Duk da haka shi ne fim na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen sinima na wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. Wasu za su ce muryoyin Tems da Burna Boy da bikin nuna shi da aka yi a Legas ne suka ja mutane. Sun taimaka, ba shakka. Ni dai na fi zaton makokin ne.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta, ra'ayin rumfar Tudun Wada ba ya isa kunnen Hollywood. Akasarin gidajen sinima na zamani a Legas suke da Abuja da biranen kudu, mu kuma mafi yawanmu ta hanyar turawa muke kallo, wadda ko sisi ba ta kai wa waɗanda suka kashe kuɗinsu. Wanda bai sayi tikiti ba, ba ya cikin lissafi. Waɗanda ya kamata su kasa kunne suna kusa. Funke Akindele ta haura naira biliyan 1 da A Tribe Called Judah a farkon 2024, da labarin uwa marar lafiya da 'ya'yanta biyar, babu mai tashi sama a cikinsu. Ina jin matasan masu shirya fim a Kaduna da Kano suna burin ranar da za su samu kwamfutar da za ta sa Sarauniya Amina ta Zazzau ta yi tsalle daga ganuwa zuwa ganuwa. Allah ya kawo kwamfutar. Amma in an tashi, a fara gaya mana abin da Amina za ta rasa in ta fita yaƙi, da wanda za ta bari a gida.

A watan Yulin 2024 aka sanar cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Tony Stark, zai dawo Marvel. Mutumin da aka yi wa kuka a 2019 zai sake bayyana, wannan karon a matsayin bos, Doctor Doom, a fim ɗin Avengers: Doomsday da aka sa wa Disamban 2026. Na san za a tura shi a kowace rumfa daga Kawo har Barnawa, ni ma zan kalla, ba zan yi ƙarya ba. Abin da na tabbata shi ne, duk wanda aka kashe a cikinsa, kafin a gama rubutun ƙarshe wani daga kan benci zai tambayi a fim na nawa zai dawo.