Sauya yaren manhaja ba zai hana ɓarawo shiga ba

Tun da kamfanin Canonical ya sanar cewa Ubuntu 25.10, sigar tsarin Linux da yake fitarwa don tafiyar da kwamfuta, zai zo da sudo-rs, wato sudo, manhajar da ke bai wa mai amfani ikon shugaban na'ura, da aka sake rubutawa da yaren rubuta manhaja na Rust, wasu masu sharhin fasaha suke ta murna kamar an kawo ƙarshen haɗarin manhajojin da ke bai wa mai amfani cikakken iko a kan kwamfuta. Wannan murnar ta yi wuri, kuma ina ganin tana iya sa masu kula da na'urori su saki jiki.

Ban musanta cewa Rust yana hana kurakuran ƙwaƙwalwar na'ura ba, irin wanda kamfanin tsaron kwamfuta Qualys ya gano a cikin sudo a Janairun 2021 bayan ya shafe kusan shekara goma a ɓoye. Sai dai akwai wani aibi da yaren rubutu ba ya warkarwa, wato tseren lokaci. Manhaja takan duba fayil ta tabbatar da izinin mai nema, sannan ta aiwatar da aikin, to a cikin ɗan taƙin da ke tsakanin dubawa da aiwatarwa ne maharin yake musanya fayil ɗin da wata mahaɗa mai nuni ga wurin da ba shi da hurumi, manhajar kuma ta yi masa aikin da cikakken ikonta.

Rust kansa bai tsira ba. A Janairun 2022 sai da aka fitar da sigar 1.58.1 domin gyara irin wannan tseren a aikin da ke share babban fayil da duk abin da ke cikinsa. Wata guda bayan haka Qualys ya nuna yadda ake cin tseren a snap-confine, manhajar Canonical ɗin kanta da ke killace wasu manhajoji yayin da suke aiki. Lamarin polkit, manhajar tantance izini a Linux, na 2021 ya fi tayar da hankali: mai binciken tsaro Kevin Backhouse ya nuna cewa idan aka katse buƙata a daidai lokacin da ake tantance ta, sai polkit ya ɗauka daga shugaban na'ura ta fito, ya amince. Kimanin shekara bakwai wannan kuskure ya yi a zaune.

Masu cewa cin tseren yana da wuya sun manta cewa maharin ba ya gajiya, domin ƙaramar manhaja za ta maimaita yunƙurin sau dubbai har ta dace. Wannan uzurin ragwanci ne kawai.

Tushen matsalar shi ne tsarin setuid, wanda yake barin manhaja mai cikakken iko ta tashi a cikin muhallin da mai amfani yake juyawa yadda ya ga dama. Ya kamata masu rarraba Linux su rage yawan irin waɗannan manhajoji sosai, su kuma duba hanyar da run0, madadin sudo, ya bi a siga ta 256 ta systemd, manhajar da ke tafiyar da ayyukan Linux, a 2024, inda aka yi watsi da setuid, ko da yake shi ma a kan polkit ya dogara wajen tantance izini.