Tarihin EYN bai tsaya a gindin tsamiyar Garkida ba

Duk wanda ya tashi a cikin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ya haddace labarin tsamiyar Garkida, wani gari a jihar Adamawa: ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan biyu daga Amurka, suka yi sujada ta farko a inuwarta tare da leburorin da suka zo aikin gini. Ba ni da ja a kan wannan labari, kuma ban raina wahalar da suka sha ba, domin matar Kulp ta farko, Ruth, ta rasu a 1924, shi kuwa ya zauna a ƙasar nan har 1963. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda muka mai da tsamiyar ta zama farkon tarihi da ƙarshensa, kamar dai majami'un ƙauyukan Bura da Margi da Kibaku sun tsiro ne da kansu kamar ciyawar damina.

Cocin da ya aiko Kulp da Helser, wato Church of the Brethren, ƙarami ne ko a Amurka. Asalinsa wani ƙauyen Jamus ne, Schwarzenau, inda mutum takwas suka yi baftisma a kogi a 1708, kuma an san mabiyansa da nutsar da mai tuba sau uku, da wankin ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji, da ƙin ɗaukar makami. Irin wannan ƙungiya ba ta da yawan ma'aikatan da za ta zuba a kowane gari. Shekara huɗu suka yi a Garkida kafin a yi baftisma ta farko a 1927, kuma tashoshin da suka biyo baya, Lassa da Marama, sa'an nan Chibok a 1941, ana iya ƙirga su da yatsu. To, wa ya kai bishara sauran ƙauyukan da ke bayan duwatsu?

A ganina amsar tana Virgwi, mazaunin kutare da aka buɗe kusa da Garkida a 1929. Mutanen da danginsu suka guje su sun zo daga ƙabilu dabam-dabam neman magani, suka yi shekaru a can, suka koyi karatu da waƙoƙin sujada, sa'an nan waɗanda suka sami sauƙi suka koma gida da littafi a hannu. Mutumin da aka kora da ƙyama ya dawo yana karanta wa dagaci wasiƙa, yana tara yara a ƙarƙashin rumfar zana. Haka ma ɗaliban makarantun mishan da aka tura koyar da addini a ƙauyuka, suna noma da rana, suna koyarwa da yamma. Majami'u da yawa daga irin wannan rumfa suka fara, amma idan ka tambayi matashin da ke kaɗa ganga a cikinsu yau sunan mai bisharar farko na garinsu, sai ya yi shiru, alhali ya san sunan Kulp saboda makarantar tauhidi ta Kwarhi da ke ɗauke da sunansa.

Wani zai ce ai an rubuta tarihin, yana nan a ajiye a ma'ajiyar cocin da ke Elgin a jihar Illinois. Gaskiya ne, sai dai wasiƙu da rahotannin da ke can an rubuta su ne domin masu ba da gudummawa a Amurka, kuma abin da baƙo ya gani ya ɗauka muhimmi shi ya shiga takarda. Gardamar da aka yi da dattawa a kan giya da auren mata fiye da ɗaya, da wanda ya ba da filin ginin farko, da matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, waɗannan suna bakin tsofaffi ne kawai.

Tsofaffin kuwa suna ƙarewa, kuma Boko Haram ta gaggauta asarar. A 2014 an sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya ne, an mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, a 2020 kuma aka kai wa Garkida kanta hari. Majami'ar da ta ƙone ba ta barin littafin baftisma a cikinta. An yi bikin cika shekara 100 a 2023, an yi anko da jawabai, amma ni da za a tambaye ni, da na ce kowace majami'a ta ba matasa biyu waya da littafin rubutu, su zauna da Zumuntar Mata da dattawan da suka haura shekara 80, su ɗauki muryarsu da Bura ko Margi ko Kibaku kafin wani ya fassara.