Saƙonnin da ke cinye jakar ɗalibi

Duk mai karatu a Alƙahira ya san wannan: da zarar an ji za ka je gida hutu, wayarka ba za ta sake hutawa ba. Wannan na son jallabiya, waccan abaya daga kasuwar Ataba, wani kuma littattafai daga shagunan bayan masallacin Azhar, har mujalladi goma, alhali ba abin da ya kai littafi nauyi. Kilo 23 ne fa jaka ɗaya. In ya haura, kai za ka biya a filin jirgi, daga kuɗin da mahaifinka ya sha wuya kafin ya haɗa.

Abin da ya fi ƙona min rai, yawancinsu ba sa turo ko sisi. "Ka saya, in ka zo ma yi lissafi." Da me zan saya? Ni da nake fama da kuɗin haya da na sabunta iƙama (takardar izinin zama), ina cin ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Masar, safe da dare? Ka ce ba hali, a ce ka je waje ka koyo girman kai. Ranar komawa kuma a ɗora maka kilishi da daddawa da kuka na mutum biyar, dole ka bar naka yajin a Kano.