Tilas ɗin da ake yi wa laƙabi da son rai

Sinanci ba ya ƙarancin kalmomin tilastawa. Akwai qiangpo, tursasa mutum da ƙarfi, akwai qiangzhi, dolen da doka ke ɗorawa. Turanci ma yana da force da compel da coerce. Duk suna magana ne a kan tilas na zahiri, wanda ake ganin bulalarsa. Ina kuma wanda aka matsa wa lamba, sannan aka rubuta cewa shi ya ga dama?

Wajajen shekarar 2009 matasan China suka sama masa suna. Suna da wata 'yar kalma, bei, mai nuna cewa an yi wa mutum abu ne, ba shi ya yi ba, kamar an doke shi ko an kama shi. Sai suka riƙa maƙala ta a kan abin da ba wanda zai iya yi wa wani. Bei ziyuan: an sa shi ya yarda da son ransa. Bei jiuye: an ba shi aiki a takarda. Wannan kukan waɗanda suka gama jami'a ne, da suka tarar makarantunsu sun lissafa su cikin masu aiki don alƙaluma su yi kyau, alhali suna gida zaune.

Lamarin ya wuce nahawu. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930 ta ce aikin tilas shi ne wanda aka karɓa daga mutum da barazanar hukunci, ba tare da ya miƙa kansa da son rai ba. Ke nan shari'ar gaba ɗaya ta rataya a kan son ran nan. China ta amince da yarjejeniyar a 2022, tana kuma cewa 'yan ƙabilar Uyghur da ake kai wa masana'antu daga yankinta na Xinjiang da yardarsu suke tafiya. A watan Agustan shekarar, ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai alamun tursasawa a shirye-shiryen kai su aikin.

Ni dai sa hannu a takarda bai gamsar da ni ba. A nuna mana wanda ya ce a'a, a faɗa mana abin da ya same shi da iyalinsa. Kuma a bar masu bincike su tambayi ma'aikatan ba tare da jami'in gwamnati na tsaye a kansu ba.