Kafin ka ɗauki ɗan wasa mai araha a fantasi, nemi abin da ya karya farashinsa

A ranar 29 ga Afrilun 2023, ranar ƙarshe ta zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, da aka yi a birnin Kansas City, ƙungiyar Los Angeles Rams ta kira sunan wani yaro daga jami'ar BYU mai suna Puka Nacua. Shi ne na 177, mutum na ƙarshe a zagaye na biyar. Kafin a kai kansa an riga an kwashe masu cafe ƙwallo goma sha tara. Bayan wata takwas da 'yan kwanaki, yaron ya rufe kakarsa ta farko da cafewa 105 da yadi 1,486, duka biyun kafin shi ba a taɓa samun sabon shiga da ya yi su ba a tarihin gasar. Tarihin yawan yadi da ya karya na Bill Groman ne, wanda ya kafa shi tun 1960.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba amma yana buga fantasin Firimiya, abin ba baƙo ba ne sosai. Kana tara 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili shi ne makinka. A tsarin da ya fi yaɗuwa, mai cafewa yana samun maki ɗaya a kowace ƙwallon da ya cafe, maki ɗaya a kowane yadi goma (yadin nan dai da tela ke aunawa), da maki shida in ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya. Inda aka bambanta shi ne, ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya ne kawai zai mallake shi a rukuni. Akwai kuma rukunan da ba a rushe tawaga in kaka ta ƙare, kana riƙe da yaranka shekara da shekaru, sai dai duk bazara a zauna a raba sababbin shiga bi da bi, yawanci zagaye uku zuwa biyar. A irin wannan zaman ne a 2023 aka bar Nacua zuwa zagayen ƙarshe, a wasu rukunan ma har aka tashi ba wanda ya taɓa shi. Ya ƙare kakar da maki kusan 300, na huɗu cikin dukan masu cafewa, tsofaffi da sababbi.

Tun daga nan duk shekara sai ka ji ana neman "Puka na gaba". Ni a ganina yawancin masu wannan nema sun ɗauki darasin a baibai. Sun fahimci cewa ƙungiyoyin NFL ba su san abin da suke yi ba, don haka matsayin da aka zaɓi yaro ba komai ba ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Ƙungiyoyin nan talatin da biyu suna da masu bin yara tun daga shekararsu ta farko a jami'a, suna da likitocin da ke duba gwiwa da kafaɗa, suna zama da yaro su yi masa tambayoyi, abubuwan da mai fantasi ba zai taɓa gani daga wayarsa ba. Kuma ƙungiyar da ta kashe zagayen farko a kan yaro za ta yi ta ba shi dama ko da ya yi ta zubar da ƙwallo, alhali ɗan zagaye na biyar kuskure biyu ya isa a mayar da shi benci. Ruwa ba ya tsami banza. In yaro ya faɗo ƙasa, akwai dalili. Aikin mai fantasi shi ne ya gano dalilin, sannan ya tambayi kansa ko dalilin nan yana hana cafe ƙwallo ko ba ya hanawa.

Dalilan Nacua a fili suke. Na farko jinya. Ya fara karatu a jami'ar Washington a 2019, ya karye a ƙafa a shekarar, ya koma BYU kusa da gidansu a jihar Utah a 2021, a shekararsa ta ƙarshe kuma wasa tara kawai ya buga saboda raunuka. Na biyu gudu. A gwajin tseren yadi arba'in ya yi wajen daƙiƙa 4.57, lokacin da ba ya burge kowa a wannan matsayi. Na uku, jimillar alƙalumansa ba ta cika ido ba: yadi 805 a 2021, yadi 625 a 2022, bai taɓa kai dubu ba. Wanda ya duba takarda kawai zai ga yaro mai yawan ciwo, marar saurin a zo a gani, wanda bai taɓa yin kaka mai girma ba.

To amma a dubi kowane dalili da kyau. Jimillar kaka tana haɗa kwanakin da yaro ya buga da kwanakin da yake kwance. Abin da ya kamata a auna shi ne me ke faruwa in yana cikin fili. Masu nazarin wasan suna da ma'auni mai sauƙi: a raba yadin da yaro ya samu da yawan lokutan da ya fita gudu neman ƙwallo. A wannan ma'aunin Nacua yana cikin na gaba-gaba a 'yan ajinsa. Ma'anarsa, in yana fili, mai jifa shi yake nema, kuma jifan yana haifar da ɗa mai ido. Wani abin kuma, masu horarwa a BYU ba su tsaya jefa masa ƙwallo ba, har miƙa masa ita suke yi hannu da hannu ya gudu da ita, ya ci sau biyar ta wannan hanya a 2022. Koci ba ya ƙirƙiro wa ɗan wasa hanyoyin taɓa ƙwallo sai ya tabbata shi ne mafi hatsari a tawagarsa. Wannan shaida ce daga mutanen da ke ganin yaron kullum a wurin atisaye, kuma ta fi ra'ayin kowane mai sharhi nauyi.

Maganar gudu ita ce ta fi ɓata mini rai, domin duk shekara sai ta ruɗi mutane. A 2017 John Ross ya yi yadi arba'in cikin daƙiƙa 4.22, Cincinnati ta ɗauke shi na tara, bai cafe ko ƙwallo ɗaya ba a kakarsa ta farko. A wannan shekarar dai Rams ta ɗauki Cooper Kupp na 69, wanda ya yi 4.62, daga ƙaramar jami'ar Eastern Washington. A 2021 Kupp ya fi kowa cafewa da 145, ya fi kowa yadi da 1,947, ya fi kowa ci da 16. Tseren gwaji ana yin sa ne a miƙe, da gajeren wando, ba mai bin ka, ba mai ture ka. A wasa kuwa mai cafewa yana gudu ne yana karya kwana, yana yaudarar mai tsaron baya da kafaɗa, yana sanin inda gurbi zai buɗe kafin ya buɗe, yana riƙe ƙwallo alhali ya san ƙato na tafe zai make shi. Sauri yana da amfani, ba na musu. Amma rashinsa kaɗan ba ya hana mutum cafewa ɗari, kuma fantasi cafewa take biya.

Saura jinya, ita ce dalilin da ba zan raina ba. Nacua yana wasa ne da jiki, ba ya kauce wa karo, kuma a kakarsa ta biyu ciwon gwiwa ya sa wasa goma sha ɗaya kawai ya buga. Ƙungiyoyin da suka ji tsoron lafiyarsa ba su yi ƙarya ba. Amma akwai bambanci tsakanin hasarar ƙungiya da hasarar mai fantasi. Wanda ya sa zaɓensa na zagaye na huɗu a kan yaro mai tarihin ciwo, in ciwon ya dawo, ya yi asarar abin da dama yawanci ba ya haifar da komai. In bai dawo ba, ya tsinci dami a kala.

Abu na gaba shi ne gidan da yaro ya faɗa, kuma nan ne masu fantasi da yawa suka yi barci. A bazarar 2023 Rams ta sallama Allen Robinson ga Pittsburgh. Robert Woods, wanda ya daɗe yana yi wa koci Sean McVay aikin mai cafewa da ke tare abokan hamayya kamar ƙattin da ke tsayawa a layin gaba, ya bar ƙungiyar tun 2022. Bayan Kupp, wanda ya kai shekara talatin kuma ya fito daga jinya, sauran su ne irin su Van Jefferson da Tutu Atwell, waɗanda ba wanda ya kafa kansa a cikinsu. Mai jifan kuwa Matthew Stafford ne, mutumin da in ya yarda da mai cafewa ba ya gajiya da nemansa, kamar yadda ya yi da Calvin Johnson a Detroit sannan da Kupp. Tsarin McVay yana son mai cafewa da bai ƙyamar aikin datti na tarewa, domin wanda ke tarewa ba a fitar da shi daga fili, wanda kuma ba a fitar da shi ba shi ƙwallo ke samu. Nacua ya iya wannan aikin tun daga jami'a. Duk wannan sananne ne tun watan Mayu, kafin a buga wasa ko ɗaya.

Wani zai ce ai sa'a ce, da Kupp bai ji ciwo a cinya ya rasa wasanni huɗun farko ba, da ba wanda ya san Nacua. Akwai gaskiya a ciki. A waɗannan wasanni huɗu ne ya cafe 39 da yadi 501, ciki har da cafewa 10 a wasansa na farko da Seattle da 15 a na biyu da San Francisco. Sai dai ƙofar da ta buɗe ba shi kaɗai ta buɗe wa ba. Jefferson, wanda aka zaɓa a zagaye na biyu a 2020, yana nan lokacin, kuma kafin Oktoba ta ƙare an tura shi Atlanta. Bayan Kupp ya dawo ma Nacua bai koma gefe ba: yadi 154 a wasa da Pittsburgh, 164 da New Orleans, sannan 181 a wasan fitar da gwani da Detroit. Raunin wani yana ba ka mako huɗu ne kawai, sauran kakar kai za ka ci da guminka.

Ba na so mai karatu ya tashi da tunanin cewa wannan hanya tana ci kullum. Ba ta ci. A 2019 masu fantasi sun haukace a kan Hakeem Butler, dogon yaro daga Iowa State mai alƙaluma masu kyau. Da NFL ta bar shi har zagaye na huɗu, da yawa suka ce ƙungiyoyin ne suka yi kuskure, suka ɗauke shi da wuri a rukunansu. Bai cafe ƙwallo ko ɗaya ba a gasar. Laifinsu ba son yaron ba ne, farashin da suka biya ne. Sun sayi ɗan zagaye na huɗu da kuɗin ɗan zagaye na farko. Ga kowane Stefon Diggs da aka samu na 146 a 2015, ko Amon-Ra St. Brown da Detroit ta samu na 112 a 2021 ya cafe 90 a shekararsa ta farko, akwai tarin yaran da sunansu ya ɓace kafin kaka ta biyu.

Haka nan kada a yi gaggawar yanke hukunci a kan na sama. Cikin masu cafewa huɗun da aka ɗauka a jere daga na 20 zuwa na 23 a 2023, Quentin Johnston ya fi ba da kunya a shekarar farko da cafewa 38 kacal, amma Zay Flowers da Jordan Addison sun yi abin kirki nan take, Addison har da ci goma. Jaxon Smith-Njigba ya fara a hankali a Seattle da yadi 628 saboda manya biyu na gabansa, masu gajen haƙuri suka sayar da shi, a 2024 ya cafe ɗari cif. Uku cikin huɗu ke nan. Ba za ka taɓa samun irin wannan rabo a zagaye na biyar ba, shi ya sa nake cewa zaɓenka na farko ka bar shi ga waɗanda NFL ta fifita.

Inda nake roƙon a canza hali shi ne zagaye na uku da na huɗu na zaɓen fantasi, inda mutane ke ɗaukar suna kawai don sun taɓa jin sa a talabijin, ko su bi wanda ya fi kowa sauri a gwaji. A nan ne nake zama da jerin yaran da suka rage in bi su ɗaya bayan ɗaya. In abin da ya faɗo da yaro shi ne hannunsa ba ya riƙe ƙwallo, ko ba ya iya rabuwa da mai tsaronsa, ko ya yi shekara huɗu a jami'a ba a taɓa mayar da shi abin dogaro ba, na wuce shi ko da ya yi gudun barewa. In kuwa ciwo ne ya rage masa wasanni, ko agogon gwaji, ko ƙanƙantar makarantarsa, alhali duk sanda ya shiga fili ƙwallo shi take bi, sai in duba ƙungiyar da ta ɗauke shi: mutum nawa ke gabansa, shekarunsu nawa, kwantiraginsu yaushe zai ƙare, wa ke jifa. Yaron da ya ci jarrabawar waɗannan tambayoyi shi nake ɗauka, in ajiye shi a benci, in kuma sa kunne ga rahotannin atisayen Yuli da Agusta. A bazarar 2023 'yan jaridar da ke bin Rams sun yi ta ambaton Nacua yana atisaye tare da 'yan sahun farko, kuma a rukunai da yawa har lokacin yana zaune ba mai shi.