Allon zane ba iPad ba ne

Wani ƙanena da ke karatu a ATBU nan Bauchi ya tara kuɗi ya yi odar allon zane. Da ya buɗe kwali ya ga baƙin faifai ba fuskar nuna hoto, sai ya ce an cuce shi. Mutane da dama haka suke zato, wai duk allon zane da kansa yake aiki kamar iPad.

Ba a cuce shi ba. Masu araha irin su Wacom Intuos ƙarami ko Huion H640P ba sa nuna hoto ko kaɗan. Kebul ake jonawa da kwamfuta, ko da wayar Android ta OTG (hanyar jona na'urar USB da waya), hannunka na zane a kan allon, idonka na kan fuskar na'urar. Kwanakin farko hannu zai yi ta gardama, daga baya ya saba. Hatta masu fuskar, irin Wacom Cintiq, sai an jona su da kwamfuta, kuma sun fi cin wuta da kuɗi. Mai fama da ɗauke wuta, marar fuskar ya fi masa: daga USB yake shan 'yar wutarsa, alƙalaminsa ma ba ya buƙatar caji.

Lambar nan ta 8192 da ake rubutawa a kwali, matakan ƙarfin danna alƙalami ce da allon ke iya ji. Intuos na da 4096, kuma a ganina mai koyo ba zai ji bambanci ba. Kafin ka biya, duba ko wayarka tana karɓar OTG, sannan in da kwamfuta za ka jona, ka sauke manhajar zane ta Krita, kyauta ce.